Shayin da Aka Ba Mu a Durƙushe

Ba a cika shekara da rasuwar maiɗakina ba, abokaina biyu suka ce sai na bi su Japan. Tun firamare muke tare a nan Wudil. Ɗaya ya zama ɗan kwangila, kowa Alhaji yake ce masa. Ɗayan ma'aikacin gwamnati ne a Kano. Ni kayan injin ban-ruwa nake sayarwa. Suka ce damuwa za ta kashe ni, in fita in sha iska. Na san ba iskar kaɗai ba ce. Matar Alhaji tana da ƙanwa bazawara, kuma ya riga ya cika baki a gida cewa kafin mu dawo zai shawo kaina in aure ta.

Mun tafi ana tsakiyar zafin bazara, mangwaro ya fara nuna. Can kuwa sanyi-sanyi ne, bishiyoyi sun cika da fure fari da ruwan hoda, ko ganye babu. Mutane su shimfiɗa leda a gindin bishiya, su tuɓe takalma, su zauna da iyalansu suna cin abinci. Ba zan yi ƙarya ba, furen yana da kyau. Amma abokaina ba kallonsa suke yi ba, baya suke juya masa su ɗauki hoto.

Alhajin da ke mayar wa mai kifi a bakin gada da kifinta in bai soyu ƙarau ba, shi ne na gani yana kokawa da tsinke biyu irin na cin abincinsu, yana tura ɗanyen kifi a baki. Idonsa ya kawo ruwa, yana cewa, “Kai, mutanen nan sun san lafiyar jiki.” Ma'aikacin kuma ya koyi sunkuyo irin na gaisuwarsu. Har injin sayar da lemo sai da ya sunkuya wa.

Rannan mai yi mana jagora, wani ɗan ƙasar da ke jin Turanci, ya kai mu wani tsohon gida na katako inda ake shan shayi irin na gargajiyarsu. Aka ce a cire takalma. Kafin a rufe baki Alhaji ya cire nasa, ya jera su da hannunsa. Muka zauna a kan tabarma. Wata dattijuwa ta shigo, ta durƙusa, ta dama wani koren gari a kwano a hankali, ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Sai na kasa kallonta. Maiɗakina 'yar ƙauyen Utai ce, ba ta taɓa miƙa wa babba ko ruwa a tsaye ba. Wata rana, muna sabon aure, Alhaji ya zo gidana tare da ma'aikacin, ya tako mata tabarma da takalmi. Ta kawo fura a ƙwarya, ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya kwashe da dariya, ya ce, “Mutumina, ka ce wa 'yar ƙauyen nan ta miƙe. An bar yayin wannan.” Ma'aikacin ya taya shi. Da suka tafi ta tambaye ni, “Malam, abin kunya na ja maka?” Na ce mata a'a, sam. Ba ta yarda ba. Tun daga ranar, in sun zo, a bakin ƙofa take ajiye furar ta koma ciki. Haka har Allah ya karɓi abarsa.

Alhaji ya kurɓi shayin, ɗaci ya murɗe masa baki, ya haɗiye. Ya dube mu ya ce, “Kun ga tarbiyya? Kun ga wayewa? Wallahi matanmu sai sun zo nan sun ɗauki darasi.” Sannan ya zungure ni. “Ita ma yarinyar da nake maka maganarta, akwai ladabi.”

Na ce, “Alhaji, ranar da marigayiya ta durƙusa ta ba ka fura, me ka ce mata?”

Ya yi ta tunani, da gaske yake tunanin. “Ni? Yaushe? Ai baiwar Allah ce, Allah ya jiƙanta.”

Ma'aikacin ya ce, “Amin. Kai dai sha shayinka, ɗan uwa, kada ya huce.”

Da a ce musu ya yi mini, da na ji sauƙi. Mantawa ya yi. Na shanye nawa, na yi wa dattijuwar godiya da Hausa, na ce masa ya sanar da gidansa su nema wa yarinya miji, ni ba ni ciki.

“Haba, mutumina! Na fa riga na yi magana.”

“To, ka warware ta.”

A jirgi kowa kujerarsa daban. Yanzu in mun haɗu da Alhaji a masallacin Juma'a mukan gaisa, doguwar gaisuwa, har gajiya da iyali. Bai sake zuwa gidana ba, ni ma ban neme shi ba.