Hambali da Sarƙaƙiyar da Ta Haɗiye Mangwaron Gwaggo

Hambali taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Zuliha, ƙanwar babana ce, daga gidanmu na Gwaram aka kai ta aure Kangire. Don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. In ya ji haushi ya kai ƙara wurin Gwaggo, ita ma dariya za ta yi.

Mutum ne siriri, in ya jingina da turken lantarki sai ka duba sau biyu kafin ka san wanda za ka gaisar. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana acaɓa a Birnin Kudu. Bai taɓa faɗuwa ba, domin bai taɓa gudu ba. Da idona na ga wata tsohuwa mai tallan daddawa ta wuce shi a ƙafa, har ta waiwayo ta yi masa sannu. Amma masu jinya shi suke nema. In ya ɗauko wanda aka sallamo daga asibiti, ko ramin tururuwa sai ya kauce masa.

Da mahaifinsa Baba Ishiyaku ya rasu, Hambali ya dawo gida, shi ne auta, lambu ya faɗo hannunsa. To lambun nan akwai mangwaro guda a tsakiyarsa. Ƙwallonsa Gwaggo ta ƙullo a bakin zane daga bishiyar kakanmu lokacin da tana amarya, mijinta ya dasa mata. Uwar bishiyar ta Gwaram iska ta kayar da ita tuntuni, saboda haka duk duniya irin nan ya rage a wuri ɗaya. Ɗan ƙarami ne, mai zare, in ka sha ɗaya sai ka wuni kana sakace. Amma ƙamshinsa har Wurno ake ji, in iska ta yi can.

Baba Ishiyaku da kansa ya shuka sarƙaƙiya a gefen lambun don ta tare awaki. Shekara huɗu da ya yi a kwance ba wanda ya sare ta, ita kuwa ta ga ba mai gida. Ta bar shinge ta shigo ciki, ta haye mangwaron ta lulluɓe shi kamar an yafa masa bargon ƙaya. Ganye ya soma rawaya, 'ya'ya suka ɗauke.

Gwaggo kuma yanar ido ta rufe mata gani, ba ta fita. Duk bazara magana ɗaya ce: "Auta, nawa bai nuna ba?"

Shekarar farko Hambali ya yi dabara. Ya tafi kasuwa ya tsinto ƙanana, ya goga musu ƙasa, ya kawo a kwano. Ina zaune. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Wannan ya sha mota," in ji ta. "Allah ya yi albarka." Ta shanye shi tas.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Washegari ya wasa adda.

Sati biyu yana sara. Ya shiga da riga ya fito da igiya. Jikinsa kuwa kamar ya raba faɗan kyanwoyi arba'in. Ruwan farko na sauka, kowane kututture ya fito da toho biyar. Ya cinna wuta, wutar ta bar ƙayar ta babbake reshen mangwaro na gabas. A nan na ce masa, "Bawana, ko dai ita ta ɗauke ka aiki ne? Na ga kullum sai ƙiba take."

"Sabo, in ba za ka riƙe adda ba, riƙe bakinka," ya ce.

Sai ya koma ga maganin feshi na kashe ciyawa. Ya sayo a shagon wani Kamaluddeen a Birnin Kudu, ya aro injin feshi na goyo. Ruwan haɗi kuwa ya ɗebo a kududdufin da ke bayan lambu, inda shanu ke sha, ja wur kamar kunun kanwa. A wurin Hambali ruwan fanfo na sha ne da alwala, zuba shi a kan ƙaya almubazzaranci ne. Ya fesa bakin shinge don gwaji. Muka jira sati uku. Wallahi sai ta ƙara kore, har da fure.

Ya koma shagon da ragowar maganin, ni ma na bi shi don kallo. Hambali bai iya faɗa ba, sai ya ajiye robar a kan kantar shagon ya ce, "Malam, ina jin taki ka ba ni."

Kamaluddeen ya tambaye shi yadda ya haɗa. Da ya ji batun kududdufi sai ya dafe kai.

"Ai laka ce ta shanye ƙarfinsa tun a cikin inji. Wannan magani ba ya shiri da ruwa mai ƙasa. Sai garau, irin wanda za ka sha."

"To zan sake, in feshe ta har sama."

"Saman me?"

"Saman mangwaro. A kansa take."

Kamaluddeen ya dube shi ya dube ni. "Da ka samu ruwa mai kyau ka yi haka, da yanzu itacen girki kake da shi. Magani bai san wannan mangwaron tsohuwarka ba ne."

Hambali ya zauna a kan buhun taki. Ni kuwa, karo na farko a rayuwata, na rasa abin tsokana.

Abin da Kamaluddeen ya koya masa aiki ne na mai haƙuri. Ka jira ƙarshen damina. Ka sare kowace jijiya daga gindi, nan take kafin bakin saran ya bushe ka shafa mata magani, ita kaɗai, kar ya ɗiga a ƙasa. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci. Wani zai ji wannan ya sayar da lambun. Hambali kuwa fuskarsa ta washe, domin an zo fagensa. Duk abin da ake yi a hankali nasa ne.

Ya ɗaura tsumma a bakin kara. Kullum da safe ya ɗauko jarkar ruwan fanfo a bayan babur, ya rarrafa ƙarƙashin ƙaya, ya sara, ya shafa, kamar mai sa wa amarya lalle. Kwana goma sha tara. Shi ya ce jijiya ɗari uku da wani abu ne, ni na ce dubu bakwai, kuma ni ne a inuwa, na fi shi ganin fili. Wadda ta nannaɗe rassa bai fizge ta ba, ya bari ta bushe a can, sannan ya riƙa zare ta guntu-guntu da ƙugiya. Ta bakin shinge kuwa ya bar ta, ya daidaita mata kai. "Wannan Baba ya sa ta aiki," ya ce. "Waɗanda suka shigo ba sallama nake kora."

Da sanyi ya shigo, reshen yamma ya yi fure. Na gabas da ya ƙone har yau bai farfaɗo ba. Bazara ta zo da 'ya'ya tara. Jemagu suka ci biyu, Hambali ya ɗinka wa sauran jakunkuna da tsohon gidan sauro.

Ranar da ya kawo su ya aika aka kira ni daga Gwaram. Bai goga musu komai ba. Gwaggo ta laluba kwanon, ta kai ɗaya hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta huda kansa da haƙori ta soma tsotsa, ruwan yana bin hannunta har gwiwa. Hambali ya juya yana duba tayar babur ɗinsa, wadda ba abin da ya same ta.

Da ta gama ta wanke ƙwallon a kwano, ta ce, "Ina ɗan wana?"

"Ga ni, Gwaggo."

"Ungo. Ka kai gida ka dasa inda na kakanku yake a da. Auta, ka bi shi ka haƙa ramin da kanka. Wannan in an bar masa, a aljihunsa ƙwallon zai tsira."