Tantin da Saude Ta Tumɓuke

A unguwar da ke bayan kasuwar Batsari kowa ya san Saude mai ƙuli-ƙuli. In ka tambayi gidan za a nuna maka, amma sai an haɗa maka da gargaɗi: ka sayi abin da ya kawo ka, ka yi gaba, kada ka ɗauko mata maganar daji. Gidan ma ba nata ba ne. Na ƙanenta ne Surajo, ma'aikacin lafiya, ita kuwa ɗakin da ke kusa da zaure aka ba ta, ita da 'ya'yanta.

'Yar Wagini ce. Mahaifinsu Malam Nurain yana da gona biyu, ɗaya a bayan gari, ɗaya can nesa a bakin daji. Idan damina ta kankama yakan kwashe iyalinsa su tare a gonar nesa, cikin wata bukkar kara, sai an gama noma su dawo gari. Saude ta girmi Surajo da nisa, don haka a bayanta ya fara ganin daji. Ta goya shi ta je tsintar kaɗanya, ta sauke shi gindin kanya ta hau ta karkaɗo masa. Abin tsoro a wancan lokaci bai wuce maciji da kunama ba.

Surajo ya yi boko har ya samu aiki a Batsari. Saude ta auri Mani, manomin gero da wake, mutum mai sanyin hali wanda in ta fara faɗa sai ya ɗauki fartanyarsa ya fice yana murmushi. Sun tara shanun noma da 'yan tumaki, suna cin abin da suka shuka.

Sai ɓarayin daji suka ɓullo. Da farko shanu suka kora. Daga baya suka tarar da Mani a gona yana huɗa, bai dawo gida da ƙafarsa ba. Ranar jana'iza Surajo bai zo ba. Waya ya bugo ya yi ta'aziyya, ya ce hanyar ba ta biyuwa. Saude ta ce Allah ya ba da lada, ta kashe wayar. Daminar da ta biyo baya aka shigo musu unguwa gaba ɗaya. Ta goya autarta Asta, ta ja sauran, suka faɗa cikin sabara da kalgo, ruwa na dukansu, suna kwana inda dare ya riske su, har Allah ya fito da su kan titi. Haka ta iso ƙofar gidan Surajo, ba takalmi, ba ɗankwali. Tun daga nan Asta ta kwashi tarin da har yau in sanyi ya shigo sai ya taso mata.

Surajo da matarsa Jannatu sun karɓe ta hannu biyu. Amma Saude ba mai zama a ciyar da ita ba ce. Ta nemi aron kasko, ta fara sayen gyaɗa tana matse mai tana tuyar ƙuli-ƙuli. Da ma can tana da zafi. Yanzu zafin ya zama kamar garwashin da aka rufe da toka, kowa a gidan ya san inda zai taka.

A shekarar da abin ya faru, an zaɓi Surajo da abokinsa Jamilu, wanda ke aiki a Safana, su je wani kwas a ƙasar Ruwanda. Jamilu ne ya kawo shawarar cewa in an gama kwas kada su juyo nan take. Ya ga hotuna a waya: tabki mai faɗi kamar ba shi da gaɓa, duwatsu kore shar har sama, daji mai duhu da birai ke tsalle a ciki. Ya ce mutane kan kafa tanti a bakin ruwan su kwana, da safe su hau dutse. Surajo ya kalli hotunan nan, zuciyarsa ta tafi.

Daga nan kullum bayan la'asar, in Jamilu ya zo a babur, sai su baje tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida su hau shiri. Wane takalmi ke iya hawan dutse mai santsi. Ko rigar ruwa ɗaya ta isa. Ta yaya za su gane alƙibla a tsakiyar itatuwa. Me za su ci, tunda ba su san yankan can ba. Jamilu ya ce garin kwaki da kilishi, Surajo ya ce a ƙara da ƙuli-ƙulin Yaya. Jannatu ce ta kai wa Saude saƙon, kuma iyakar abin da ta faɗa shi ne guzurin tafiya kwas ake so. Saude ta ji daɗi. Ta zaɓi gyaɗa mai kyau, ta ce za ta sa citta da barkono yadda yake so tun yana yaro.

Wata Asabar da hantsi ta dawo daga kai gyaɗa inji, da roba a kanta, ta tarar da wani abu shuɗi tsaye a tsakar gida kamar akurkin kaji. Yara sun kewaye shi suna ihu, suna shiga suna fita. Surajo na durƙushe yana buga ƙusoshin ƙarfe a ƙasa da dutse. Asta kaɗai ta raɓe jikin bango, ta ƙi matsowa.

"Wannan fa?" in ji Saude.

"Sannu da dawowa, Yaya. Tanti ne. A gwanjo na samo shi a Katsina, gwadawa nake in ga ko ya cika."

"Can inda za ku ba su da ɗakin saukar baƙi?"

Surajo ya yi dariya. "Ba na kwas ba ne. In mun gama, ni da Jamilu za mu shiga dajinsu mu ɗan kwana biyu. Shaƙatawa kawai."

Saude ta sauke robar a hankali. "Shaƙatawa."

"E, Yaya. Ki ga hotunan wurin ma."

"A daji."

Jannatu da ke bakin murhu ta ajiye ludayi ta kira yaran su shigo ɗaki. Babu wanda ya motsa.

"Surajo, dube ni," in ji Saude. "Ranar da aka kwantar da Mani, me ka ce mini? Ka ce hanyar Wagini ta ratsa daji, ba ka iya zuwa. Daga nan zuwa Wagini! Na karɓi gaisuwarka a waya kamar ta baƙo, na haɗiye. Yau kai ne za ka hau jirgi, ka tsallake ƙasashen mutane, ka je neman daji da ƙafarka?"

"Yaya, ba ɗaya ba ne."

"Kwanan daji kake sha'awa? Ga Asta nan, tambaye ta. Ta faɗa maka daɗin ruwan sama a kan yaro mai zazzaɓi. Ta faɗa maka yadda ake toshe wa yaro baki don kada ya yi tari a ji. Mu ba mu da shuɗin ƙyalle, zanen jikina na yafa musu. Abin da ya raba ni da gidana shi ka mayar wasa, har ka kafa mini shi a ƙofar ɗaki?"

Ta sunkuya ta finciko ƙusar farko, ta biyu, ta uku. Tantin ya karkace ya faɗi. Ta tattaro shi kamar tsumma ta jefa masa a ƙafa, ta ɗauki robarta ta shige.

Daga ranar ta daina cin abincin gidan. In Jannatu ta aiko da tuwo, kwanon yakan koma a rufe yadda ya zo. Ta sayi ɗan murhu tana dafa wa 'ya'yanta daban. In Surajo ya gaishe ta da safe, "lafiya" kaɗai take cewa, ba ta ɗaga kai. Jamilu ya daina tsayawa ƙarƙashin darbejiya, sai dai su haɗu a waje. Jannatu ta gwada lallashi, ta ce, "Yaya, wallahi bai yi don ya ɓata miki ba." Saude ta ce, "Na sani. Bai ma tuna da ni ba. Shi ya fi ciwo."

Aka yi kwanaki a haka. Wata rana da azahar Surajo ya dawo daga aiki fuska a murtuke. An kawo musu mutanen da aka tare a hanyar kasuwa, tun safe yake tsaye a kansu. Ya tarar da ita tana tuya. Maimakon ya wuce sai ya ja kujera ya zauna gabanta.

"Yaya, yau sai kin ji ni."

"Mai na kan wuta."

"Bar shi ya ƙone. Kina tsammani ke kaɗai aka raba da daji? Wa ya goya ni ya kai ni gindin kanya? Gonar Baba tana can, rabona da ita har na manta kamanninta. Ke kin kwana a daji kin fito. Ni kullum dajin ake kawo mini a bayan babur, a kan ƙyaure, in wanke, in ɗinke, wani ya tashi, wani in rufe shi da zane. Mijinki ɗaya kika binne, Allah ya jiƙansa. Ni na daina ƙirga na mutane."

Muryarsa ta hau har Jannatu ta leƙo. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba.

"Abin da nake so ƙarami ne. In zauna gindin itace in ji kukan tsuntsu, kunnena ba ya kan ƙarar babur. A ƙasarmu ba zan samu ba. To in je inda zan samu, shi ma laifi ne? Fushin nan naki, Yaya, ni kika samu kusa. Ba ni na kore ki daga Wagini ba."

Saude ta kwashe ƙuli-ƙulin da ya fara baƙi, ta zuba a matsami.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To ka je. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Amma kada ka nemi in taya ka murna, don ba ni da ita."

Ta koma cin tuwon gidan, amma hira ba ta dawo ba. Ranar tafiya ta ba Jannatu ƙullin ƙuli-ƙuli a leda ta ce a sa masa a jaka, ita kuma ta fice kasuwa kafin motarsu ta tashi.

Ruwan shuka ya sauka bayan tafiyarsa. Wasu matan Wagini da ke zaune a Batsari suka fara zuwa gonakinsu na bayan garin Wagini da safe a babur, su dawo kafin la'asar. Saude ta bi su. Jannatu ta roƙe ta, ta ce ko don yaran nan. Saude ta ce, "Ƙanena ya tafi dajin mutane, ni zan je bakin nawa." Ta shuka wake a gonar Mani. Sau da yawa sukan yar da fartanya su gudu in an hango ƙura daga yamma, gobe su koma.

Surajo ya dawo ya rame, da mura. Ya ce sanyin wurin ya wuce misali, tantin gwanjon ya yi yoyo, Jamilu ya gurɗe ƙafa a kan dutse. Yara suka yi ta kallon hotuna, Saude ta ƙi. Sai da ya ce mata ba tabkin ne ya tsaya masa a rai ba. Gonaki ne ya gani a jikin dutse, sun tafi har sun taɓo bakin daji, mata na noma su kaɗai, yara na wasa a kunya, babu mai waige. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ta kalli hoton wata tsohuwa da fartanya a kafaɗa, ta kalla, ta sake kalla.

"Wannan da me ta fi ni?" ta ce. "Ita ba mutum ba ce kamar ni? Su wa ya tsare musu nasu, mu aka bar mu?"

Ta mayar masa da wayar da ƙarfi har ta kusa faɗuwa.

Waken ya yi rabin abin da ya saba yi. Bayan kaka wani dillali, Alhaji Yazid, ya fara zagaya gidajen waɗanda suka yi gudun hijira yana neman gonakinsu a araha. Ya zo zauren Surajo da babbar riga, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce ai gonar nesa ta Malam Nurain ta zama kufai, gara a rabu da ita tun tana da mai so. A da Surajo ne kan gaba wajen cewa a sayar. Wannan karon ya ce, "Alhaji, maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, bari in kira yayata."

Bai kai ga kiranta ba. Tana bayan ƙyaure tana ji. Ta fito da muciya a hannu, kullun gyaɗa na ɗiga daga jikinta.

"Alhaji, wancan ya kore mu da bindiga, kai ka biyo baya da murmushi? Tashi. Tashi tun ina ganin furfurarka."

Alhaji Yazid ya fita yana salati, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Surajo ya raka shi har bakin titi yana ba shi haƙuri, amma bai ce masa ya dawo ba. Da ya shigo ya tarar da ita ta koma kan turmi.

"Ka faɗa wa duk mai tambaya," in ji ta, ba tare da ta juyo ba, "gonar Baba tana da masu ita."