Kunnen Namadi Direba

Namadi bai taɓa yarda da geji, ma'aunin iskar taya, ba. Tun yana saurayi, a hannun kawunsa mai tuƙa akori-kura, ya koyi cewa taya da kunne ake duba ta. A ɗauki sifana, a ƙwanƙwasa, a saurara. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta sace kuwa sai ta yi gunaguni kamar surukar da ba a gaishe ta ba. Da wannan kunnen ya yi aure, ya gina ɗaki biyu a Gummi, ya sayi tsohuwar bas da yake jigila da ita zuwa Anka. Fasinja na son motarsa saboda ba ta tsayawa a hanya, kuma a shekarun nan kowa ya san abin da tsayawa a daji wajen Zugu ke jawowa.

Wata safiya cikin bazara, mota ta cika a tasha, ya zagaya da sifanarsa kamar kullum. Ya bugi ta gaba, ya ji kamar ya bugi katifa. Ta baya ma haka. Har safaya, da ba ta taka ƙasa ba, gunaguni ta yi masa.

Ya kira Muttaka mai faci ya ce a ƙara iska. Muttaka ya ɗora geji, ya ce iska ta kai, har ta ɗan wuce. Namadi ya ce gejin ne ke ciwo. Aka aro na Silas mai sayar da kayan mota, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Namadi ya ce ai dole bakinsu ya zo ɗaya, gida ɗaya aka ƙera su. Ya sa aka ƙara. Ya buga, katifa dai. Ya sauya sifana, ya buga da dutse, ya koma zargin wani direba da suka yi cacar baki a kan layi, ko shi ya yi wa motar wani abu.

Muttaka ya cire tiyo ya rungume hannu. Ya ce in aka ƙara ko numfashi ɗaya, da wannan zafin kwalta, tayar ba za ta ga Bukkuyum ba, kuma shi ba zai ɗauki alhakin rayukan mutane ba. Namadi ya tsaya tsakanin motarsa da mai faci, gumi na zuba. In ya tafi da iska kaɗan, taya ta kwanta a daji. In ta yi yawa, ta fashe a dajin nan dai.

A gidan gaba akwai Lydia, ma'aikaciyar jinya da ke komawa aiki Anka. Tun ɗazu take kiransa ta taga a kan jakarta, bai waiwayo ba. Ta sauko, ta tsaya bayansa, ta ambaci sunansa. Shiru. Sai da ta zagayo gabansa.

"Baba Namadi, tayarka lafiya lau take. Mu duk muna jin ƙararta har cikin mota. Kai ne ba ka ji."

"Mi kic ce?"

Tasha ta kwashe da dariya, ban da shi. Ya tuna matarsa Saratu ta daɗe tana cewa ya mayar da rediyo kamar na masu talla. Ya tuna tayoyi biyu da suka fashe masa da damina, ya je ya zazzage wa mai shago rashin mutunci. To tun yaushe ke nan? Wa ya yi ƙarya, wa ya yi gaskiya?

Ya daɗe yana kallon sifanar. Sannan ya ce wa Muttaka ya rage iskar zuwa inda gejin ke so, amma ya riƙa nuna masa allurar, don bai san ko ina ake kallo ba. Muttaka ya nuna. Namadi ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafa gefensu da tafin hannu, yana neman kumburi ko tsaga.

Da ya zauna ya tayar da mota, ya karkato wajen Lydia.

"Ɗiyata, can asibitinku, ana yi ma kunne faci?"

Ta ce sai an duba tukuna, wataƙila datti ne kawai ya toshe. Shi kuwa shayi kunnensa ya jiyo masa, ya ce a'a, ba zai tsaya shan shayi ba sai Anka, ya saka giya.