Kunnen Baba Mai Tumaki

Gidan Baba mai tumaki yana wannan gefen kwalta, makiyayarsa tana wancan gefen, daidai wata kwana da dutse ya kare. Da gwiwa ta hana shi tafiya, sai ya sayi babur mai ƙafa huɗu. Kullum in ya iso bakin titi yakan kashe injin ya kasa kunne. In bai ji mota ba, ya tayar ya tsallaka.

Bara kunnen ya yi nauyi. 'Ya'yansa suka ce ya ajiye babur ɗin, ya ce su fara ajiye bakinsu.

Matar ɗansa kuwa sai ta mayar da igiyar shanya kan tudu, inda ake hango bayan dutsen. In mota ta taho, sai ta ɗaga masa hannu ta yi ta gaisuwa. Baba ba ya amsawa da hagu, totur ɗin babur kuwa a dama yake, dole ya sake shi har motar ta wuce.

"Yarinyar nan ta cika gaisuwa," in ji shi. "Ni dai kunnena bai taɓa ba ni kunya ba."