Jakar Hawan Dutse

A layin 'yan gwanjo na kasuwar Jalingo na ga wata mata tsaye, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, takalmin kambas ɗinta ya sha tafiya. Jakar goyo take nema, irin mai ledar ruwa a ciki da ɗan tiyon zuƙa.

Mai kayan yana ta tura mata wata ja. "Mama, wannan ake yayi."

"Ɗana, ba yayi ne zai hau dutsen ba, ni ce."

Sai ta ɗauki wata koɗaɗɗiya, ta cika ta da ledojin fiya wata, ta sunkuya ta cilla ta baya kamar mai goya jariri. Tana ɗaure igiyar ƙugu tana ɗan jijjigawa, har da bubbuga ƙasan jakar da tafin hannu.

Na tabbata ba yawon shan iska za ta ba. Akwai mai jiran ta a can saman dutse inda mota ba ta kaiwa, wataƙila tsohuwarta, kuma ba ta da niyyar gajiya a hanya.

Ta taka zuwa ƙarshen layi ta dawo. Mai kayan ya buɗe leda zai sa mata jakar.

"Bar ta," in ji matar. "Ta riga ta yi barci."