Yadda Usaini Ya Koma Haƙar Shadda

Kafin a fara kiransa Usaini Mai Shadda, manomi ne, kuma ba na wasa ba. Gonar gadonsu tana bakin titin Minjibir. Tun yana saurayi yake ɗora wa jaki mangala yana kai mata taki, har jigawar da mahaifinsu ya bari ta yi baƙi wuluk, ta riƙa ba da geron da masu wucewa ke tsayawa kallo.

Sai dai gonar ba tasa ba ce shi kaɗai. Sauran magada duk sun watse, wasu birni, wasu gidajen aure. Da gari ya fara matsowa, yayansu Abdulkabir ya zo wata Juma'a ya ce a yanka ta fuloti-fuloti a sayar.

"Yaya, a cire mini kasona a gefe, in ci gaba da nomawa," in ji Usaini.

"Noma a tsakiyar gidaje? Awakin mutane kaɗai sun ishe ka. Kowa ya yarda, kai ne za ka hana?"

Dillali ya ce masu saye na yanzu sai an gwada musu ƙasa, an ga ko za ta ɗauki gini, ko shaddar bayan gida za ta riƙa tsotse ruwa. Aka kawo injiniya. Da aka nemi mai haƙa ramukan gwaji, Abdulkabir ya ce me zai sa a ɗauko bare, ga Usaini.

Haka ya shiga da diga, gyaɗarsa ko ƙosawa ba ta yi ba. Ya haƙa, ya cika ramukan da ruwa, injiniya na duba agogo. A kusurwar gabas, inda amfani ya fi yi, ruwan ya shige nan da nan.

"Madalla," in ji injiniya. "Nan ya dace da shadda. Amma wannan baƙar ƙasa ta sama a kwashe ta, ba ta riƙe gini."

Usaini na tsaye tifa ta zo ta yi gaba da ita.

Da aka sayar da fulotan, abin da ya samu bai sayi gona ba ko a garin Makoda, don ko'ina ƙasa ta yi tsada. A hankali kuɗin ya tafi a cefane da magani. Masu sababbin gidaje kuwa suka fara tambayar wanda ya iya haƙa, mutane suka nuna shi. Daga nan sunan ya bi shi.

Yanzu gwiwoyinsa sun fara ƙi, amma yana shiga rami. Matarsa Aina'u kwano-kwano take auno hatsi. Shi da Abdulkabir sai gaisuwar Sallah.

Idan hadari ya haɗo, maƙwabta sukan fito suna hamdala. Usaini yakan zauna a zaure ya yi tsaki, don ya san gobe sai ya kwashe ruwa da taɓo kafin ya sa diga.