Jan Zayyanar Kakanmu

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidan malaman da ta taso a Kusada uwa ba ta haɗa ido da ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Idan tana son ya ci abinci, ni take miƙa wa kwanon. Idan ya dawo daga tafiya, ni take tambaya ko yaron nan ya rame. A lokacin ina ƙaramar sakandare a Kankia, ko gaisuwa ba na iya ƙarasawa a gaban baƙo, amma tsakanin su biyun ni ce baki.

Yaya yana da ɗan shago a jikin zaurenmu, ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. A nan yake tsara katin biki da kalanda da sitika a kan kwamfutar tebur, ya kai Katsina a buga. Manhajar da yake zane da ita saya ya yi da lasisinta, kuma yakan yi wa abokansa masu kwafar ta sata gori a kan haka.

Da saukata ta Alƙur'ani ta fara matsowa, ya ce shi zai yi mani zayyana, kuma ba kowace ba, irin wadda kakanmu ya yi wa Inna da hannunsa a allonta ranar tata saukar. Wannan allon babu shi. Ɗaki ya faɗa masa da damina, gara ta ƙarasa sauran. Abin da ya rage wani tsohon hoto ne marar launi, Inna tana yarinya ta rungume allon a ƙirji. Daga hoton Yaya ya fitar da zanen, layi bayan layi. Launin kuwa babu inda yake sai a cikin kan Inna.

Shi ya sa bayan la'asar, idan shago ya yi shiru, takan zo ta tsaya a ƙofar ciki da faifan gyaɗa tana ɓara, fuskarta a gefe kamar wucewa za ta yi. Ni ina zaune a kan benci tsakaninsu.

"Ce mashi wannan koren na rigar 'yan firamare ne."

"Auta, ce mata kujerar nan ba ta cizo."

"Ce mashi bakinshi ya cika yawa."

Kore da ruwan ɗorawa ba su wahalar da su ba. Ja ne ya ƙi. Ta ce ba jan tattasai ba ne, ba na goro ba, ba na lalle ba. Mahaifinta daga wani kwari wajen Yashe yake ɗebo ƙasar, ya niƙa, ya tace, ya haɗa da ƙaro, kuma idan ya bushe a kan allo yana da wani duhu-duhu a ƙarƙashinsa. Yaya ya ƙara, ya rage, ya sake ƙarawa. Wata rana na ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Inna ta ajiye faifan a ƙasa, ta shigo cikin shagon har gaban kwamfutar, mayafinta yana taɓa kafaɗarsa.

"Shi ne," ta ce. "Kar ka ƙara taɓa shi."

Ba ni ta gaya wa ba. Yaya ya cire hannunsa daga kan tebur ya ɗora a cinya, bai yi wasa ba, bai ɗago kai ba.

Da ta fita na tambaye shi yaushe za a buga. Ya ce sai sauka ta zo daf, don kada katin ya yi datti. Ya bayyana mani cewa launin da muke gani a fuskar kwamfuta haske ne, na takarda kuwa tawada huɗu ake haɗawa, kuma ba kowane ja na haske ne tawada take iya bi ba. Idan aka fitar da zane haka nan kawai, ja yakan mutu a hanya. Shi yana da saitin da ya daɗe yana daidaitawa da injin da ke buga masa aiki a Katsina, da shi zai fitar da fayil ɗin.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ƙarshen damina. Ba mu ɗauke shi wani abu ba sai da aka kai shi asibiti, kuma bai dawo ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Kawu, yayan Inna, ya zo daga Kusada. Ya ce kwamfutar bai kamata ta zauna a rufe ba, a ba Islamiyyarsu yara su koyi rubutu, ladan ya riƙa isa ga mamaci. Baba ya ga kyan maganar. Aka kira Inna aka tambaye ta. Ina bayan labule, ina ganin babban yatsanta yana murza bakin hijabi, yana murzawa. Uwar da za ta ce a bar mata kayan ɗan fari a gaban yayanta, za a daɗe ana maganarta. Ta ce duk yadda suka yi daidai ne. Baba ya sa wani abokin Yaya ya kwashe duk ayyukan a filashi, kowa hankalinsa ya kwanta, aka ɗaure kwamfutar a bayan mashin.

Da sauka ta zo daf, ni da Baba muka kai filashin wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Fayil ɗin yana nan da sunan da Yaya ya sa masa, amma ya ƙi buɗewa. Mai shagon ya ce sai da manhajar da aka zana shi. Abokin Yaya ya kwafo har manhajar a filashin, sai dai da aka danna ta sai ta nemi lasisi. Mai shagon ya ce irin wannan lasisin a ɗaure yake da kwamfuta guda, yana gane kayan cikinta, ba ya yarda da wata. Ya ce mu koma inda tsohuwar take.

Muka hau mashin zuwa Kusada. Kwamfutar tana wani aji, an lulluɓe ta da zane. Na gane tabon shayin da ke gefenta. Malamin da ya kunna mana ya ce ai tun zuwanta mai gyara ya wanke ta tas, ya canza mata wani abu a ciki da ya ce ya tsufa. Babu manhajar, babu saitin Yaya. Ko da za a nemi kamfanin ya maido da lasisin, lamba suke turawa a layin wayar mai shi, layin kuwa an riga an rufe. Baba ya yi godiya, ya yi wa yara addu'a. A hanyar dawowa ya wuce kwanar gidanmu bai lura ba.

Mai shagon tasha ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya samu wata manhaja da ta buɗe zanen da ƙyar, ya mayar da shi hoto. A fuskar kwamfutarsa jan ya yi kusa, har na ji daɗi. Aka tura Katsina. Da katin ya dawo, layukan duk suna nan daidai, amma jan ya koma kamar dafaffiyar hanta, koren ya yi baƙi-baƙi. Baba ya mayar aka ƙara haske, ya dawo kamar ruwan lemo. Zai sake komawa Inna ta ce in gaya masa ya bari, a yi amfani da na farkon.

Ranar sauka mata suka yi ta karɓar katin hannu zuwa hannu suna yabawa. Kawu ya riƙe shi nesa da ido ya ce sak na Malam mahaifinsu, Allah ya jiƙan wanda ya zana. Inna ta ce amin. Aka sa masa gilashi, aka rataye a ɗakinta saitin gado.

An kwana biyu, har an fara sanyi, na shiga na same ta zaune tana kallonsa, tsefewar kanta ta tsaya a rabi. Ta ce in zauna. Ta ce da, ko ido ta rufe tana ganin jan mahaifinta, shekara da shekaru bai gushe ba. Yanzu idan ta rufe ido wannan na bango take gani. Ta yi ta neman wancan, ya ƙi zuwa.

"Ke kin gan shi ranar. Kin tuna?"

Na ce na tuna, kuma gaskiya na faɗa.

"To, nuna mani."

Na tashi na fara dubawa. Na ɗauko murfin kwanon sha, na ce ya ɗan fi wannan duhu. Na jawo gefen dardumar sallarta, na ce ba kamar wannan ba. Na fita tsakar gida na ɗebo busasshen zoɓo, na ƙwaƙulo ƙasar jikin katanga, na jiƙa ta da ruwa a tafin hannuna. Ta dubi kowane ɗaya a hankali, tana girgiza kai, daga baya ma ta daina girgizawa, don ba ta da abin da za ta auna da shi.

"Bar shi haka nan," ta ce. "Je ki wanke hannunki."

Na tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙiyar ƙasar tana ɗiga ta tsakanin yatsuna. Ta ɗauki matsefin ta ci gaba da tsefe kanta, ta ce idan Baba ya dawo in gaya masa ya sauke katin, ya kai ɗakina.